Wata da Taurari cikin Tarbiyyar Yara: Tarihin Koyon Lissafin Sama a Ƙasar Ƙwanni da Adar

Gabatarwa

Tun kafin agogo da kalandar takarda su shigo ƙasar Hausa, kowane gida yana da bukatar sanin kwanan wata. Mai ciki tana ƙidayar watanninta tara, mai takaba tana ƙidayar wata huɗu da kwana goma, manomi yana sauraron watan shuka, liman kuma yana jiran tsayuwar watan Azumi. Wannan sani koyonsa ake yi, kuma tun ana yara ake fara koyonsa. Manufar wannan nazari ita ce bin tarihin yadda aka riƙa koya wa yara duban wata da taurari a gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa. Za a fara da bayanin ƙasar da abin da harshe ya adana, sa'an nan a duba makarantu uku da suka yi wannan aiki, watau dandali da makarantar allo da lakwal, daga ƙarshe a nuna giɓin da ya rage tsakaninsu da abin da yake jawowa.

1. Ƙasar da tarihinta

Wannan yanki mahaɗa ce ta al'adu uku. Ta farko ita ce ta Arna manoma, waɗanda zuriyarsu a Masalata, kusa da Ƙwanni, suka shahara da bikin arwa da buɗin daji, inda ake duban abin da shekara za ta zo da shi. Ta biyu ita ce ta malamai. A Ƙwanni kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Toronkawa, suka fara zama, daga baya suka koma Maratta, kusa da Galmi a gundumar Malbaza ta yau, inda aka haifi Shehu a ƙarshen watan Safar na 1168, watau Disamba 1754. A arewa kuma akwai masarautar Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci da yaƙi a 1674, zuriyarsa suka riƙe sarauta har cibiyarta ta tabbata a Illela.

Al'ada ta uku ita ce ta Turawan Faransa, kuma da wuta ta shigo: a watan Mayu 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni, ta kashe mutane masu yawa. Yarjejeniyar 1898 tsakanin Ingila da Faransa ta zana iyaka kamar baka, nisan mil 100 daga Sakkwato, ta bar Ƙwanni a ɓangaren Ingila. Sai yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka mayar da garin hannun Faransa. Ayarin Kyaftin Tilho, wanda ya kafa alamun iyakar tsakanin 1906 da 1908 tare da wakilan Ingila, da auna taurari ya riƙa tantance matsayin garuruwa. Iyakar da ta raba Ƙwanni da Sakkwato ke nan ita ma da lissafin sama aka kafa ta.

Birnin Ƙwanni yana kusa da digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Wannan adadi yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin shi ke ƙayyade yadda wata da rana suke bayyana ga idon yaron wannan ƙasa.

2. Abin da harshe ya adana

Kalmar "wata" tana ɗauke da ma'ana biyu: halittar da ke sama, da kuma tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta sake tsayuwa. Faransanci da Larabci kowannensu ya raba waɗannan ma'anoni da kalmomi biyu, amma Hausa ta haɗa su. Saboda haka yaron da ya ji an ce "yau wata kwana uku" yana iya ɗaga kai ya tabbatar da maganar da idonsa. Rubutu bai bambanta wannan kalma da "wata" ta "wata mace" ba, sai dai baki ya bambanta su: ta sama karinta ya hau ya sauka, wasalinta na ƙarshe dogo ne, ɗayar kuwa gaɓoɓinta biyu duk a sama suke, wasalinta gajere.

Haka nan "kwana" ta bambanta da "rana" da "yini". Bahaushe da dare yake ƙidaya, kuma dare ke gabatar yini, shi ya sa daren Juma'a yake farawa da magaribar Alhamis. Wannan tsari ya dace da lissafin wata, tun da yake da magariba ake ganin sabon wata. Harshe ya kuma siffanta watan kamar mai rai: sabo "jinjiri" ne, yana "tsayuwa", yana "kwana", yana girma har ya cika, ya rage, ya ɓace.

A karin harshen yamma ana jin "tamraro" a inda Kananci yake cewa "tauraro", kamar yadda ake jin "amre" da "zamna" a madadin "aure" da "zauna". Masanin harshe Bajamushe August Klingenheben ya bayyana wannan sauyi a 1928, ya nuna cewa siffar yamma ce ta asali. Sunayen taurari kuwa kashi biyu ne. Akwai na Hausa tsantsa, kamar Gamzaki na asuba, da Kaza da Ƴaƴanta. Akwai kuma na aro daga Larabci, kamar Zara, wadda ake yi wa kirari da matar wata saboda yawan ganinta kusa da jinjiri a yamma. Taron taurarin da manomi yake kira Kaza da Ƴaƴanta shi ne malami yake kira Suraiya. Samun suna biyu ga abu ɗaya shaida ce ta makarantu biyu da suka rayu kafaɗa da kafaɗa.

Sunayen ranakun mako bakwai duk daga Larabci suke. Watanni kuwa jama'a sun laƙaba musu sunayen abin da ake yi a cikinsu: Cika-ciki ga Muharram, Gani ga Rabi'ul Awwal, Azumin Tsofaffi ga Rajab, Sha-ruwan Tsofaffi ga Sha'aban, sai Azumi, da Ƙaramar Salla, da Bawan Salla, da Layya. Har sunayen yara sun shiga wannan lissafi. Azumi da Ɗan'azumi da Sallau da Tasalla kowanne yana yawo da watan haihuwarsa, kamar yadda Ladi da Lami da Ɗanjuma suke yawo da ranarsu.

3. Makarantar dandali

Makarantar farko ba ta da malami ɗaya, kuma ba ta da allo. A garin da babu lantarki, wata ne yake buɗe dandali, shi ne kuma yake rufe shi. Idan akwai farin wata ƴan mata su fita gaɗa, samari su yi langa da kokawa, ƙanana su kewaye tsohuwa don tatsuniya. Idan duhu ya yi a shige ɗaki da wuri. Yaro yana da dalili ke nan na lura da wata, domin wasansa ya rataya a kansa.

Abin da yaro yake gani cikin wata guda yana bin tsari ɗaya da ba ya sauyawa. A daren farko jinjiri yana bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, ya faɗi ba da jimawa ba. Kowace magariba sai a same shi ya ƙara kauri, ya kuma matsa gabas. A wajen kwana bakwai ya zama rabi, yana tsakiyar sama da magariba, ya faɗi da tsakar dare. A kwana goma sha huɗu ko sha biyar ya cika, ya fito daga gabas daidai lokacin da rana take faɗuwa, ya kwana yana haske har asuba. Daga nan sai ya fara makara, kowane dare da wajen minti 50, har a wajen kwana ashirin da biyu sai tsakar dare yake fitowa. A kwana ashirin da bakwai ko da takwas masu sammakon asuba kaɗai ke ganinsa siriri a gabas. Sa'an nan ya ɓace dare biyu ko uku, kafin ya sake tsayuwa a yamma.

Al'adu da yawa an ɗora su a kan wannan tsari. Tashe yana farawa idan Azumi ya kwana goma, lokacin da wata ya yi hasken da yara za su iya bin gida gida. A ranar ashirin da tara ga Sha'aban da ga Azumi kuwa, manya da yara sukan fita bayan gari su fuskanci yamma. Karin magana ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma a wannan maraice idon yaro yakan riga na dattijo. Dattijo shi ya san inda za a duba, yaro shi yake da kaifin gani, kuma a wannan tsayuwa tare ne ilimin yake wucewa daga wannan zuwa wancan.

Husufin wata shi ma yana da nasa darasi. Idan wata ya yi ja ya dushe, akan ce ya yi zazzaɓi, ko kuma rana ta kama shi. Yara su fita da gwangwanaye da ƙwarya suna kiɗa suna roƙon a sake shi, malamai kuma su tashi salla. Bayanin kamu bai dace da abin da ke faruwa a sama ba, amma yaron da ya yi wannan kiɗa sau biyu ko uku yakan gane cewa abin ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, lokacin da ya cika.

4. Lissafin manoma

Watan sama yana ɗaukar kwana 29 da awa 12 da minti 44 daga tsayuwa zuwa tsayuwa, a bisa matsakaicin lissafi. Wata goma sha biyu kwana 354 ke nan da ɗan ɗori, alhali shekarar rana, wadda damina take bi, kwana 365 ce da rubu'i. Bambancin wajen kwana 11 ne kowace shekara. Shi ya sa Azumi yake zagaya bazara da damina da kaka da ɗari, ya komo inda ya faro bayan shekara 33. Manomin da ya ɗora shukarsa a kan watannin Musulunci zai yi asarar iri, kuma a ƙasar da ruwan shekara yake wajen milimita 500, cikin wata uku ko huɗu, asarar iri yunwa ce.

Manoma sun warware wannan matsala da wata ƙidaya ta dabam, wadda watanninta lamba gare su a madadin suna. Ana fara ta bayan kaka, a yi buɗin daji a watan huɗu, a sa ran ruwan shuka a watan bakwai. Daga nan karin maganar nan ya fito, cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Tun da yake mafarin ƙidayar yana ɗaure da girbi, wanda shekarar rana take kawowa, kuskuren kwana 11 ba ya taruwa ya yi yawa. Taurari kuma suna taimakawa: Kaza da Ƴaƴanta takan ɓace a yamma cikin zafin bazara, ta sake bayyana a gabas da asuba a farkon damina. Guy Nicolas ya yi bayanin irin waɗannan bukukuwan shekara a kwarin Maraɗi, Nicole Echard kuma ta yi nazarin manoman Adar, a littattafansu na 1975. Yaro a gona yake koyon wannan lissafi, yana bin mahaifinsa da iri a ƙwarya, har ya saba da riƙe kalanda biyu a ka: ɗaya ta masallaci, ɗaya ta gona.

5. Makarantar allo da ta ilimi

Almajiri yana haɗuwa da wata tun a allonsa. Suratu Yunus, aya ta 5, ta ambaci masaukan wata da sanin adadin shekaru da lissafi, Suratu Yasin kuma ta siffanta yadda yake ramewa a ƙarshen tafiyarsa. Idan ya shiga karatun littattafai, Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, za ta koya masa cewa da ganin wata ake ɗaukar azumi, da ganinsa ake ajiyewa, idan kuma sama ta rufe a cika kwana talatin. A mazhabar Malikiyya ganin yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko ta jama'a mai yawa wadda ba za ta haɗu a kan ƙarya ba. Lokutan salla ma darasin sama ne, domin da inuwa ake gane azahar da la'asar, da gushewar jan shafaƙi ake gane lisha.

Wanda ya yi nisa sai ya shiga hisabi da ilimin taurari. Malamai sun raba hanyar wata a sama gida 28, kowane gida da tauraronsa. Suka kuma yi amfani da waɗannan gidaje wajen auna shekarar rana: kowane tauraro kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14. Gida 27 sau 13 ya ba da 351, a ƙara 14 ya zama 365. Kowane lokaci na shekara yana da taurari bakwai. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, sai Sarfa ta buɗe na kaka. Tare da wannan akwai watannin ajami, irin su Yunayar da Fabrayar da Maris, waɗanda asalinsu na Rumawa ne, suka iso ta hanyar Magrib. Cikin littattafan da suka yaɗa wannan lissafi a Afirka ta Yamma akwai Muƙni'i na Almargiti, malamin ƙasar Sus a Maroko, wanda ya rasu a 1678. Malaman ƙasar Hausa sun mayar da lissafin waƙa don sauƙin hadda, kuma Mervyn Hiskett ya yi nazarin irin wannan waƙa a 1967.

Ta haka malami ya zama mai amsa tambayar manomi: wane tauraro ake ciki, kwana nawa ya rage masa. Lissafin gona da na zaure suka haɗu a nan. Amma malamai sun shata iyaka tsakanin lissafin lokaci da duba. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ilimin hatimi da asirin taurari, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta gargaɗi a kan masu rufa ido da masu duba da taurari. Wannan taka-tsantsan ya sa ilimin ya zama na ƴan kaɗan. Yawancin almajirai sun tsaya a hukuncin ganin wata, ba su kai ga gidaje 28 ba.

6. Lakwal

Nijar ta zama ƙasar mallaka mai cikakken tsari a 1922. Dokar Gwamna Janar Carde ta 1924 ta tabbatar da Faransanci a matsayin harshen koyarwa shi kaɗai a makarantun Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma yaron da aka kama yana Hausa a farfajiya akan rataya masa sambol. Lakwal ta kawo abin da dandali da zaure ba su ba yawancin yara ba, watau dalili. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Kullum rabin jikinsa yana cikin haske, rabi yana cikin duhu. Yana kewaya duniya a nisan wajen kilomita 384,000, kuma gwargwadon matsayinsa tsakanin rana da duniya ne ake ganin kaɗan ko da yawa daga ɓangarensa mai haske. Inuwar duniya ba ta da hannu a ramewar wata. A husufi kaɗai take faɗa masa, kuma husufin wata ba ya yiwuwa sai duniya ta shiga tsakani, watau a daren cikarsa.

Sai dai wannan bayani ya zo da harshen da yaro bai iya ba, kuma da misalan wata ƙasa. A Faransa jinjiri yakan tsaya a karkace ko a miƙe, har aka ƙago wa yara dabarar gane shi da haruffa: mai girma yana kama da cikin harafin "p", mai ramewa yana kama da cikin "d". A digiri 14 kuwa hanyar wata tana hawa kusan a miƙe daga ƙasa, saboda haka jinjiri yakan kwanta kamar ƙwarya, ƙahoninsa suna duban sama. Dabarar haruffa ba ta da amfani ga yaron Tsarnawa ko na Dogarawa. Haka kuma a Faransa rana kullum tana kudu da tsakar rana. A Ƙwanni kuwa tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu tana arewa, inuwa tana faɗawa kudu. Duk malamin zauren da yake auna inuwar azahar da ƙafa ya san wannan.

Sakamakon shi ne ɗan lakwal ya haddace darasi don jarrabawa, ya ci gaba da duban sama da ilimin kakarsa, ba tare da ya haɗa biyun ba. A ƙetaren iyaka al'amarin ya ɗan bambanta, domin a Zariya an buga littafin Ikon Allah na R. M. East da Abubakar Imam a 1949, wanda ya yi bayanin halittu da Hausa, a 1969 kuma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da ya yi tafiya a sararin sama. Doka ba ta bar wa irin waɗannan littattafai ƙofa a lakwal ta zamanin mallaka ba. Ko ba haka ba ma, lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba.

7. Bayan ƴancin kai

Taron Bamako na 1966 ya daidaita haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan yankin. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 1974 aka kafa cibiyar INDRAP mai shirya littattafan koyarwa. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kundin da aka zartar a watan Maris 2025 kuma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Koyar da lissafin sama da Hausa ya ɗora wa masana harshe aikin zaɓen kalmomi. Haɗuwar ma'ana biyu a "wata", wadda take taimakon yaro a dandali, takan kawo ruɗani a aji idan ana son a bambanta kwana 27 da sulusi da wata yake yi kafin ya komo ga tauraron da ya bari, da kwana 29 da rabi da yake yi kafin ya sake tsayuwa. Kalmomin zaure, kamar falaki da manzili da husufi, sun riga sun zauna a bakin jama'a, kuma sun fi sabuwar ƙira saurin karɓuwa.

Sama ita ma ta ba da nata darussa a wannan zamani. A ranar 30 ga Yuni 1973 rana ta yi cikakken husufi a arewacin Nijar, masana suka bi inuwar cikin jirgin Concorde har minti 74. A ranar Laraba 29 ga Maris 2006 wata inuwar ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi. Ƙwanni tana gefen hanyar, saboda haka rana ta ragu ƙwarai amma ba ta rufe duka ba. Ranar ta zo daidai da ƙarshen watan Safar, kamar yadda lissafi ya wajabta, domin wata ba ya tare rana sai a kwanakin ɓacewarsa. A daren 27 ga Yuli 2018 kuma aka ga husufin wata na awa 1 da minti 43, a tsakiyar Zulƙida.

Inda giɓin da ke tsakanin makarantun uku ya fi fitowa fili shi ne ranar salla. Tsakanin Birnin Ƙwanni da Illela ta jihar Sakkwato ƴan kilomita ne, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya, sama ɗaya. Duk da haka a 2022 Nijar ta yi Ƙaramar Salla ranar Lahadi 1 ga Mayu, Nijeriya ta yi ranar Litinin 2 ga Mayu. Lissafi ya nuna cewa haɗuwar wata da rana, wadda daga bayanta ne sabon jinjiri yake fara samuwa, ta auku ranar Asabar 30 ga Afrilu da ƙarfe 9 da minti 28 na dare agogon Nijar, fiye da awa biyu bayan faɗuwar rana a Ƙwanni. A wannan lokaci ne mutanen kudancin Amurka ta Kudu suka ga watan ya tare wani ɓangare na rana. Hukuncin karɓar shaida na malaman shari'a ne da hukuma. Amma ingancin shaida yana rataye da sabon idon mai shaida, kuma sabo da jinjiri tun ana yara ake samunsa. Wanda ya saba bin tsohon wata da asuba ya san cewa idan an gan shi siriri a gabas da safe, a bisa al'ada ba a ganinsa a yamma da magaribar wannan rana.

Wannan sabo yana raguwa. Lantarki ya haskaka Ƙwanni da Malbaza mai masana'antar siminti, talabijin da wayar salula sun janye yara daga dandali, kwanan wata kuma a fuskar waya ake karanta shi. Labarin tsayuwar wata ya koma abin da ake ji a rediyo, alhali a da abin gani ne.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa kowace makaranta ta ba yaro wani kashi. Dandali ya ba shi lura da sabo, zaure ya ba shi hukunci da ƙidaya, lakwal ta ba shi dalili. Babu wadda ta haɗa ukun, kuma bambancin harshe shi ne babban abin da ya hana. Tun da doka ta buɗe wa Hausa ƙofar aji, haɗa su ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ya isa mushe ya sa yara su zana wata a allo ko a littafi kowane dare har kwana talatin, su rubuta lokacin da suka gan shi da gefen da yake, su tambayi iyaye sunan watan a masallaci da lambarsa a gona. Bayan haka a shiga ɗaki mai duhu da fitila ɗaya da lemu ɗaya, yaro ya riƙe lemun ya juya a hankali, ya ga jinjiri da rabi da cikakke suna bayyana a hannunsa bi da bi. Gani ya kori ji. Aikin da ya rage wa masu nazarin harshe shi ne tattara sunayen taurari da kalmomin lissafin gona daga bakin dattawan Masalata da Galmi da Illela tun suna raye, domin da waɗannan kalmomi ne za a rubuta littafin da yaron wannan ƙasa zai karanta ya ɗaga kai ya ga abin da aka faɗa.